Tsuntsayen tabkunan Kurfai: ɓeran Saberiya ne ke yanke yawan ƴaƴansu

Da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki sukan bayyana a bakin tabkunan kwarin Dallol Boso, wajen Filinge, Bonkuku da Baleyara, suna tsattsagar laka. Baƙi ne. Shamuwa takan zo ƙasar Kurfai da damina ta yi sheƙa, su kuwa waɗannan hutun sanyi kawai suke zuwa yi. Wasunsu ba su kai giram 30 ba, amma can arewacin Rasha aka ƙyanƙyashe su, a yankin da ake kira tundura, filin da babu itace kuma ƙanƙara ke rufe shi mafi yawan shekara. Daga yankin Taimir na Saberiya zuwa Filinge ya wuce kilomita 8,000.

Wata shekara garken kan zo cike da ƴaƴa, wata shekara kusan duk manya ne. Dalilin yana can arewa.

Lokacin haihuwa a tundura gajere ne. Ƙanƙara na narkewa a watan Yuni, sai macen ta saka ƙwai huɗu a ƙasa, a kwanta musu kamar mako uku. Idan ƙwan suka salwanta, da wuya a samu lokacin sake wasu kafin sanyi ya dawo.

Babban abokin gabar ƙwan shi ne yanyawar ƙanƙara, tare da wasu tsuntsaye masu farauta. Abincin da suka fi so wani ɗan ɓera ne mai suna lemin, wanda yawansa ke hauhawa sannan ya faɗi duk shekara uku zuwa huɗu. Shekarar da ɓeran ya yi yawa, mafarautan na ƙoshi da shi, tsuntsaye su ƙyanƙyashe lafiya. Shekarar da ta biyo baya ɓeran ya yi ƙaranci, mafarautan kuma sun hayayyafa, sai su koma kan ƙwai da ƴan tsaki.

A 1987 masana biyu, Summers da Underhill, sun nuna cewa yawan ƴaƴan wata ɗinyar Taimir da na tsuntsayen bakin ruwa yana hawa da sauka tare da yawan lemin. Ɗinyoyin tundura ba sa isowa Sahel, a gaɓar tekun Holand, Faransa da Ingila suke cin sanyi. A can ake ƙirga ƴaƴansu: wata shekara su kusa rabin garke, wata shekara kusan babu ko ɗaya.

Yanayi ma yana da hannu. Bayan aman wutar dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991, bazarar 1992 ta zo da sanyi sosai a arewa, haihuwar tsuntsayen ta lalace a faɗin yankin. Yanzu kuma ɗumamar yanayi ce matsalar: ƙanƙara na narkewa da wuri, ƙwarin da ƴan tsaki ke ci su fito kafin a ƙyanƙyashe su. Wani bincike na 2016 kan tsuntsayen da ke zuwa gaɓar tekun Muritaniya daga Taimir ya gano ƴaƴan na tasowa da ƙaramin jiki da gajeren baki, abin da ke rage musu damar rayuwa a Afirka.

Sauran aikin yana nan gida. Tsuntsun da zai koma arewa a watan Maris ko Afrilu sai ya tara kitse a tabkunan Sahel. Idan tabki ya cike da yashi ya ƙafe da wuri, ko maganin ƙwari na lambu ya gurɓata shi, ko aka kafa raga a bakinsa, tsuntsun ba zai kai wurin haihuwa da ƙarfinsa ba. Farin 1973 da na 1984 sun rage yawan tsuntsaye da dama da ke zuwa Sahel daga Turai.

Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1987, kuma a 2004 aka sanya Dallol Boso cikin jerin wuraren da yarjejeniyar ke karewa. Tabkin da ke riƙe ruwa har ƙarshen sanyi shi ne makiyayi ke shayar da dabbobi a cikinsa, shi ne mai lambu ke ban ruwa da shi, shi ne kuma baƙin Saberiya ke dogaro da shi kafin su kama hanyar gida.