Yadda Fasto Ya Ke Riƙon Jama'arsa

Sau da yawa in mun ga fasto ran Lahadi ya tsaya gaban jama'a yana wa'azi, mu kan zaci iyakar aikinsa ke nan. Ashe wannan somin taɓi ne. Kalmar nan fasto daga Latin ta fito, ma'anarta makiyayi, kowa kuwa ya sani makiyayi ba ran kasuwa kaɗai ya ke duba garkensa ba.

Bari mu ɗauki misali daga ƙasar Filato. A shekarar 1904 wani Bajamushe mai suna Karl Kumm ya sauka Wase da abokansa, su ne mafarin mishan ɗin nan da aka sani da S.U.M. A 1934 aka buɗe makaranta a Gindiri don horar da masu bishara da malamai. Da Hausa a ke karatun, 'yan makaranta kuwa su ke noma abin da za su ci. A 1938 aka naɗa fastoci uku na fari 'yan ƙasa, watau Toma Tok Bot, da Bali Falang, da David Lot. Kafin nan, in ana bukatar baftisma ko jibin Ubangiji sai a jira Baturen mishan ya zo.

To, me ya sa aka haɗa musu littafi da fartanya? Dalilin tsoho ne. Henry Venn, wanda ya zama sakataren C.M.S. a London a 1841, ya koyar cewa ikilisiya ba ta kafu ba sai ta iya abu uku: ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma kai bishara gaba da kanta. Mishan da yawa suka bi wannan shawara, har da S.U.M. In mun lura, nan nauyin fasto ya ke.

Wajen ciyarwa, jama'ar ƙauye ba kullum su ke da kuɗi ba. Baikonsu ya kan zama damin dawa, ko kwaryar acca, ko kaza. Da shi a ke gyaran rufin majami'a, a taimaki gwauraye da marayu, a ba fasto abin zaman gari. Fasto mai hankali ba ya ƙirga baiko shi kaɗai. Sai dattawa sun zauna, an ƙirga, an rubuta, an karanta wa jama'a. Gama ran da zato ya shiga zancen dukiya, wa'azi kome daɗinsa ba ya shiga kunne.

Wajen mulki kuwa, shi da dattawa su ke sulhunta miji da mata, su tsawata wa wanda ya kauce, su karɓe shi in ya tuba. Wannan shi ne mafi wuya, don mai laifin ya yiwu ɗan'uwan fasto ne, ko mai arzikin da ya fi kowa bayarwa. In ya sassauta wa babba ya matsa wa ƙarami, ya raba garkensa biyu da hannunsa.

Na ukun shi ne renon magada. Ƙauyuka sun fi fastoci yawa, saboda haka a kan sa mai bishara a kowane, fasto ya riƙa zagawa a ƙasa ko a kan keke, yana jarraba masu shirin baftisma, yana gaida marasa lafiya, yana binne matattu. Wanda ya riƙe kome a hannunsa, ba ya yarda wani ya karanta ko ya yi addu'a, ran da aka ɗauke shi sai jama'a ta watse.

Ikilisiyar da mutanen nan uku suka yi wa hidima ita ce COCIN ta yau, babban mazauninta yana Jos, 'yan ƙasa ke riƙe da ita.

'Yan'uwa, mu da za a rarraba mu ƙauyuka mu riƙe makarantu, akwai abin dubawa a nan. Ba a sanin ƙoƙarin shugaba sa'ad da ya ke tsaye a kan aiki, sai bayan ya ba da baya. Allah ya sa mu bar abin da zai tsaya bayanmu, amin.