Kiwon Doki Da Tsare Lafiyarsa

Doki dukiya ne mai tsada, kuma ado ne ga sarakuna da talakawa duka. Wanda ya taɓa kallon Hawan Daushe a Kano, ko hawan Salla a Katsina da Zariya, ya san darajarsa a ƙasar nan. Amma dawaki da yawa su kan mutu, ko su gurgunce, saboda kuskuren kiwo kurum, abin da mai doki ya ke iya gyarawa da kansa tun ba a kai ga neman magani ba.

Alamun doki mai lafiya

Wanda bai san dokinsa da lafiya ba, ba zai gane ranar da ciwo ya kama shi ba. Doki mai lafiya idonsa garau ya ke, gashinsa na sheƙi, ya kan tari abincinsa da marmari. In yana hutawa, numfashinsa ya kan kama daga 8 zuwa 16 a minti guda, bugun zuciyarsa kuwa daga 28 zuwa 44, ana jinsa da yatsa a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. Zafin jikinsa digiri 37.5 ne zuwa 38.5. Duk ran da ya ƙi ci, ya sunkuyar da kai, lalle a bincika.

Ci da sha

Tumbin doki ƙarami ne, bai fi cin lita 15 ba, kuma Allah bai halicce shi da ikon yin amai ba. Abin da ya shiga cikinsa, mai kyau ko mugu, sai ya bi hanji. Saboda haka a riƙa ba shi abinci kaɗan kaɗan, sau uku ko huɗu a yini. Ciyawa da harawa su ne tushen abincinsa, dawa da dusa ƙari ne gwargwadon aikin da ya ke yi. In za a sake masa abinci, a yi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Kada a ba shi hatsi ko harawar da ta yi fumfuna. Kada kuma a zuba masa a ƙasa, gama yashin da ya ke haɗiya tare da abinci ya kan taru ya toshe hanji. Abincin kaji na buhu kuwa kada ya kusance shi, domin a kan sa wani magani a cikin waɗansu wanda ba ya cutar kaza, amma dafi ne ga doki. Babban doki ya kan sha lita 25 zuwa 40 na ruwa a yini, da bazara har ya fi haka. A sa masa gishiri kaɗan kullum.

Ciwon ciki da zafin kofato

Ciwon ciki na cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki. Doki ya kan dinga waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana gumi, yana kwantawa yana birgima. Da ganin haka sai a kawar da abinci, a ja shi ana zagawa da shi sannu sannu, a aika wa likitan dabbobi nan da nan. Kada a yi masa ɗura ta hanci, gama ruwan ya kan zarce huhu ya jawo ciwon da ya fi na fari.

Yawan hatsi kuma ya kan kawo zafin kofato. Doki ya kan miƙe ƙafafun gaba, ya mai da nauyinsa baya, ya ƙi tafiya. A hana shi hatsi, a tsai da shi bisa yashi mai laushi, a riƙa sanyaya ƙafafun da ruwa kafin likita ya iso.

Dokin da ya yi watanni a turke, sa'an nan aka cika shi da dawa ana saura kwana kaɗan Salla, aka yini ana sukuwa a kansa cikin rana, an jefa shi cikin hatsarin ciwon nan biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara motsa shi kullum tun da sauran mako shida, ana ƙara masa hatsi kaɗan kaɗan.

Rauni da miki

Sirdin da bai zauna daidai ba ya kan ci bayan doki, linzami mai kaifi ya kan yanka baki. In miki ya fito, a wanke da ruwan gishiri mai tsabta, a tsare shi daga ƙuda, a bar hawa sai ya warke sarai. Kada a shafa kashin shanu ko baƙin man mota, kada kuma a ƙona wurin da ƙarfe. Ƙwayar ciwon sarƙe haƙora tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta kan shiga ta huda ƙanƙanuwa, kamar ta ƙusa a kofato, kuma doki na cikin dabbobin da ta fi yi wa illa. Akwai allurar rigakafinta, a nemi likita ya yi. A share kofato kullum, a gyara shi bayan kowane mako 6 zuwa 8.

Cututtuka masu yaɗuwa

Akwai wata annobar dawaki ta Afirka wadda waɗansu 'yan ƙananan ƙwari ke yaɗawa da cizo, da magariba da asuba, musamman da damina da ƙarshenta. Alamunta zazzaɓi, da kumburi bisa idanu, da kumfa daga hanci. Ba ta da magani, sai rigakafi. Daga 1959 zuwa 1961 ta kashe dabbobi wajen 300,000 a Gabas ta Tsakiya har zuwa Indiya. A shigar da doki barga tun rana ba ta faɗi ba, kada a ɗaure shi kusa da fadama. Sammore kuwa tsando ke kawo shi, saboda haka kada a kai doki ƙasar tsando ba da shawarar likita ba. A 2018 da 2019 wata mura mai tsanani ta bi jakuna da dawaki a Jihar Sakkwato da ƙasar Nijar, ta kashe jakuna masu yawa. Don haka duk dokin da aka sayo daga kasuwa, a ware shi mako uku, da bokitinsa dabam, kafin ya haɗu da sauran.

A kwashe kashin barga kowace safiya, domin a cikinsa ƙwan tsutsar ciki ke ƙyanƙyashewa. A duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya. Kada a yi wa doki allurar shanu da ka, gama abin da ke warkad da sa ya kan cuci doki.

Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana aiki tun 1924, kuma kowace jiha tana da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Jama'a, in kun ga dawaki biyu ko uku sun kwanta da ciwo iri ɗaya, ku kai labari asibitin dabbobi mafi kusa a ranar, ku kuma sanad da mai unguwa ko dagaci, don a tsare na maƙwabta.