Kada Hannun Taimako Ya Ƙarasa Mai Raunin Laka

Duk inda mota ta kife ko babur ya watsar da mutum a hanyoyinmu, kafin ƙura ta lafa jama'a sun kewaye wurin. Wannan hali ne na kirki, Allah ya bar mu da shi. Amma ku dubi abin da ke biyo baya. Wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, a ciccibi mutum kansa na reto, a zaunar da shi, a kwara masa ruwa, a ce "daure ka miƙe mu gani", sannan a naɗe shi kamar tabarma a cusa a bayan a-daidaita-sahu. Idan ƙashin wuyansa ko na gadon bayansa ya tsage, a cikin waɗannan 'yan mintuna ne ake iya raba shi da ƙafafunsa har ƙarshen rayuwa, kuma da hannun masu ƙaunarsa.

Laka ita ce jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa ta cikin ƙasusuwan wuya da na baya, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba. Ta cikinta umarnin motsi ke sauka, ta cikinta jin zafi da sanyi da taɓawa ke hawa, ita ke riƙe da fitsari da bayan gida. Ƙashi kan karye laka ta tsira, ko ta ɗan ƙuje kawai. To da zarar an lanƙwasa wuyan ko an murɗa bayan, sai karyayyen ƙashin ya goce ya datse ta. Ƙashi yana ɗoruwa. Laka kuwa, in ta tsinke, har yau likitocin duniya ba su sami hanyar haɗa ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 15 ne ke rayuwa da wannan rauni, mafi yawa sanadin haɗarin hanya da faɗuwa da tashin hankali. Mu ma mun san namu: ɗan acaɓa, fasinjan da ya hau saman kaya a babbar mota, mai hawan dabino ko giginya, mahaƙin rijiya da ƙasa ta rufta masa, mahayin da doki ya kayar ranar hawan salla, wanda harsashin 'yan bindiga ya sama a baya.

Saboda haka, wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ƙafafunsa sun mutu, ko yana jin kamar kiyashi na bin hannuwansa, ko fitsari ya kufce masa, ko ma ya suma ba ya magana, a bar shi yadda yake kwance. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa. Kada a cire masa hular kwano in yana numfashi lafiya, kada a ɗura masa ruwa. A kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112. In babu motar asibiti, wanda shi ne abin da aka fi gani a ƙauye, a ciro ƙyauren ɗaki ko a nemo faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi a kai lokaci guda, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, a tokare gefen kansa da naɗaɗɗun zannuwa a ɗaure, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe. Haɗari irin na wuta ko ruwa ko motoci masu tahowa ne kaɗai zai sa a janye shi da gaggawa.

Daga nan kuma asibiti, ba gidan mai ɗori ba. Ban raina masu ɗori ba, sun ɗora hannaye da ƙafafu da yawa a garuruwan da babu likita. Amma ja da murza da taka bayan wanda lakarsa ke cikin haɗari kisa ne da rai. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano, akwai na Shika a Zariya, akwai asibitin koyarwa na Sakkwato. Binciken likitoci ya nuna cewa in ƙashi ya danne laka, aikin da aka yi cikin awa 24 na farko ya fi ba da fata. Kwana uku da za a ɓata ana shafe-shafe da turare, ba a maido su.

Wannan shi ne haɗari na farko, kuma shi ake gani. Na biyun ya fi shi cin rayuka, ga shi ba ya yin ƙara.

An sallamo mutum daga asibiti, an kai shi gida, an shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki. Makon farko 'yan dubiya ba masaka tsinke. Bayan wata guda sai uwa ko mata kaɗai. Yana kwance rigingine dare da rana, ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, don haka ba ya ƙorafi. Mai lafiya ko a cikin barci jikinsa na juyawa da kansa in wuri ya gaji. Shi kuwa wannan saƙon ba ya isa gare shi. Nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, nama ya soma mutuwa daga ciki. Abin da za a fara gani ɗan tabo ne a ƙasan baya, ko a ƙugu, ko a diddige. A farar fata ja yake yi, a baƙar fata kuwa duhu yake ƙarawa, ko ya yi sheƙi, ko ka taɓa ka ji wurin ya fi sauran jiki ɗumi da tauri, shi ya sa yake ɓace mana. Kafin a ankara ya fashe. Bakin gyambon ƙarami ne, cikinsa kuwa rami ne da kan zurfafa har ƙashi. Sai wari, sai zazzaɓi, sai ƙwayoyin cuta su shiga jini. Ranar jana'iza a ce ciwon baya ne ya kashe shi, alhali kwanciya ce.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon talaka ne kawai. Christopher Reeve, ɗan fim ɗin Amurka da ya fito a matsayin Superman, doki ya kayar da shi a 1995 ya karye a wuya. Da kuɗinsa da ma'aikatan jinya a kansa, lokacin da ya rasu a 2004 yana fama da gyambon kwanciya da ya kamu da cuta. A yaƙin duniya na farko, yawancin sojojin da suka ji rauni a laka ba su yi nisa ba suka mutu, gyambo da cutar mafitsara suka gama da su. Abin ya sauya ne bayan da likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944. Babban abin da ya kafa shi ne doka: a juya kowane majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana, kuma a kula da fitar fitsari cikin tsabta. Mutanen da aka riga aka fid da rai da su suka rayu, har a 1948 suka yi gasar harbin kibiya a kan keke, wadda daga gare ta wasannin nakasassu na duniya suka samo asali.

Wannan doka ba ta buƙatar wutar lantarki, gidan da ke cikin rugga ma zai iya ta. Hagu, baya, dama, duk awa 2. Matashi tsakanin gwiwoyi, matashi a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya rataye bai taɓa katifa ba. Zanin gado a bushe, babu tattara, babu ɓurɓushin abinci. Safe da yamma a yaye tufafi a duba baya da ido, a shafa da hannu. In an ga tabo, kada a murza shi, kada a ɗora toka ko man zafi. A ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Wanda ya soma zama a keke shi ma ya riƙa ɗaga jiki ko karkatawa duk bayan minti 15 zuwa 30, kuma a sama masa matashin zama na kirki, domin keken da aka raba a taron siyasa da zallar leda a mazauninsa yana iya haƙa gyambon da zai mayar da shi gado shekara guda. Mutum ɗaya ba zai iya wannan aiki ba. Uwar da ke tashi sau huɗu a dare wata da watanni ita ma za ta kwanta. Dangi su zauna su raba kwana, maza da mata, kamar yadda ake raba kowace ɗawainiya ta gida.

Sai fitsari. Majinyata da yawa suna rage shan ruwa don kunyar a riƙa zubar musu da jakar fitsari. Wannan hanya ce ta cutar mafitsara da tsakuwa da lalacewar ƙoda. A sha ruwa sosai, jakar ta kasance ƙasa da mara, robar fitsarin kada ta lanƙwashe, a canza ta a lokacin da likita ya faɗa. Fitsari mai kauri da wari haɗe da zazzaɓi ba na jira ba ne. Wanda rauninsa ke wuya ko saman baya kuma akwai abin da kowa a gidan ya kamata ya haddace: in kansa ya sara farat ɗaya, gumi ya karyo masa a fuska, hanci ya toshe, jininsa ne ya yi mummunan hawa, galibi don robar fitsari ta toshe ko bayan gida ya taru. A tayar da shi zaune, a sassauta tufafi, a duba robar nan take, in bai lafa ba a garzaya asibiti. In ƙafa ɗaya ta kumbura, kada a matsa ta, gudan jini ne mai yiwuwa. Da hunturu kuwa a nisanta kaskon wuta da ruwan zafi daga ƙafafunsa. Zai ƙone har nama bai sani ba.

Ina kuma gargaɗi game da masu sayar da fata. Ƙafar da ta shanye takan zabura da kanta, ta yi karkarwa. Wani ya ce sauƙi ne ya zo, wani ya ce aljanu ne, alhali ɗabi'ar raunin ce. A nan masu cewa za su tayar da shi cikin kwana arba'in ke shigowa, a sayar da gona a sayar da shanu. Gaskiyar ita ce wanda lakarsa ba ta yanke gaba ɗaya ba yakan sami motsi, mafi yawa a cikin shekarar farko, kuma gashi da motsa gaɓoɓi kullum a hannun masana ne ke taimakonsa. Addu'a ba ta hana juyi, juyi ba ya hana addu'a. Kuɗin da za a kai wa ɗan damfara ya ishi katifa mai kyau da keke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙuryar ɗakin nan. Magidancin da jiya shi ke ciyar da gida, yau sai an wanke shi. Ya daina cin abinci, ya juya fuska bango, ya ce "ku bar ni kawai". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na masu wannan rauni suna nuna alamun ciwon damuwa mai tsanani. Ba raunin imani ba ne, ciwo ne da ake yi wa magani, kuma in ya fara maganar gara mutuwa a gaya wa likita ranar. A fito da shi zaure, a kai shi majalisa, a nemi shawararsa a kan harkar gida kamar da. In yana ganin robar fitsari ta raba shi da salla, a kawo malami ya yi masa bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalura. Maza da yawa masu wannan rauni sun haihu, mata sun ɗauki ciki sun sauka lafiya, don haka dangi su daina gaggawar raba aure.

Ku kuma masu raunin, ku nemi 'yan uwanku. Wanda ya shekara goma a keke ya san dabarar hawa gado da ta shiga banɗaki da ta tsara bayan gida fiye da duk mai zuwa dubiya. Ku tambayi sashen gashi na asibitinku ya haɗa ku da irinsu, ku nemi ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman na jiharku. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su samar da hanyar keke, wa'adin ya cika, don haka neman ta a makaranta ko asibiti ko ofis haƙƙi ne. Mai jinya kuma kada ya yarda a sallame su sai an nuna masa da hannu yadda ake juyi, yadda ake kula da roba, da ranar da za su dawo ganin likita.