Riƙon Bindiga a Wasan Kwaikwayon Talabijin: Nazari daga Gusau, Tsafe da Bungudu

A wannan takarda za mu duba yadda ake sarrafa bindiga a wasannin 'yan sanda da ɓarayi, da abin da kuskure a nan yake jawowa.

Mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu ba baƙin bindiga ba ne. Tun kaka da kakanni sun san ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗuri. Tun wajen 2011 kuma, da ta'adin 'yan bindiga ya addabi ƙasar Zamfara, suka san AK-47. Gidan harsashinta talatin yake ci, tana kuwa aman kimanin 600 a minti ɗaya. Wato cikin daƙiƙa uku ta ƙare.

Saboda haka, idan ɗan wasa ya yi ta ɓarin wuta bai sake ɗuri ba, ko ya nuna abokinsa da bakin bindiga, yatsa bisa kunama, mai kallo zai gane wasan yara ake yi. Illa mafi girma kuwa ita ce yaro ya ɗauka wanda aka harba tashi yake yi ya kakkaɓe riga.

Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, soja ne kafin ya shahara a talabijin ta Kaduna, shi ya sa bariki ya zauna daidai a wasansa. Shawararmu ita ce masu shirya wasa su riƙa neman irinsa kafin su ɗauki makami.