Tsofaffin Amurka da hawan dutse cikin hamada

A kowace shekara, da zarar sanyi ya kankama a arewacin Amurka da Kanada, dubban mutanen da suka yi ritaya kan tattara komatsansu su nufi jihar Arizona, inda suke shafe watannin hunturu. Wasu gidajen haya suke kamawa, wasu kuwa suna zaune ne cikin manyan motoci masu gado da wurin girki.

Ɗaya daga cikin wuraren da irin waɗannan baƙi ke zuwa motsa jiki shi ne dutsen Tumamoc, a yammacin birnin Tucson, cikin hamadar Sonora.

Dutsen dai ba wani babba ba ne. Hanya ce mai kwalta ta kimanin kilomita 2.4 daga gindinsa zuwa ƙololuwa, kuma abin da mutum zai haura ya ɗan zarta mita 200. Amma ƙarshen hanyar akwai tudu sosai, shi ya sa mutane da dama ke yada zango a tsakiya, kusa da gine-ginen cibiyar binciken tsirran hamada da Cibiyar Carnegie ta kafa a 1903, wadda yanzu ke hannun Jami'ar Arizona. Saboda wannan bincike ne aka hana sauka daga kan kwalta, aka kuma hana zuwa da karnuka, duk da irin shaƙuwar da Amurkawa suka yi da su.

Amfanin hawa tudu ga mai shekaru a bayyane yake: zuciya da huhu sun fi yin aiki bisa ga tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, cinyoyi kuma na ƙara ƙwari. A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su riƙa matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Hawa da sauka a Tumamoc kan ci awa guda ko fiye, don haka zuwa uku a mako ya wadatar.

To sai dai ƙanƙantar dutsen kan yaudari mutane. Yayin da shekaru ke ja, jin ƙishirwa na raguwa, jiki kuma ba ya saurin fitar da zafi. Wasu magungunan hawan jini suna ƙara yawan fitsari. Ga shi iskar hamada busasshiya ce, gumi na bushewa nan take, ta yadda mutum zai yi asarar ruwa mai yawa rigarsa ba ta ko jiƙe ba. Baƙon da ya fito daga ƙasar ƙanƙara kuwa, jikinsa na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi. Wannan ne ya sa masu aikin ceto ke cewa duk wanda ruwansa ya kai rabi ya juya, ko da yana hango ƙololuwa.

Zafin Arizona ba abin wasa ba ne. A 2023 birnin Phoenix ya yi kwana 31 a jere zafi na kai wa digiri 43, kuma gundumar Maricopa ta ƙirga mutum 645 da suka rasu sakamakon zafi a shekarar, ko da yake akasarinsu ba masu hawan dutse ba ne. Tun 2021 hukumomin birnin ke rufe hanyoyin hawa duwatsun Camelback da Piestewa da rana, a ranakun da aka yi gargaɗin matsanancin zafi. Yawancin baƙin hunturu sukan koma gida kafin wannan lokaci, amma wanda ya yi jinkiri har watan Mayu sai dai ya yi sammako.

Saukowa ma na da nata wahalar, domin a nan ne nauyin jiki ke faɗa wa gwiwa, kuma a lokacin ƙafa ta riga ta gaji. Shi ya sa ake yawan ganin dattawa riƙe da sanduna biyu, suna taku gajere-gajere har su isa gindin dutsen.