Mai Ƙwai a Gindin Dutse

Hausawa na cewa ba a haɗa ƙwai da dutse. Amma a duwatsun Kazaure akwai ɗan tsuntsun da bai san wani wurin ajiye ƙwansa ba sai gindin dutse, haka kuma kakanninsa suka yi tun kafin Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, ya tako ƙasar nan.

Wata safiyar kaka na fara lura da shi, a kan tudun da ke kallon dam ɗin garin. Ina hawa tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmina, sai wani abu ya tashi fir daga gabana, bai yi nisa ba ya sauka a kan falalen dutse. Na ɗauka gwara ce. Ashe kama da wane ba ta wane. Da ya juyo sai na ga kansa, baƙi da fari layi-layi tun daga baki har ƙeya, kamar wanzami ya zauna ya yi masa tsaga. Maƙogwaronsa toka-toka, ƙirji da ciki kuwa launin makuba. In ya buɗe fiffike sai ja ya haska, in ya rufe sai ya saje da dutsen. Tsawonsa bai wuce santimita 14 ba, nauyinsa bai kai giram 20 ba. Macen ta fi shi dusashewa, zanen kanta kamar an wanke. Tun ranar nake kiransa gwarar dutse, ko da yake ba danginta ba ne na kusa.

A littattafan masana sunan wani Bature yake ɗauke da shi, Kyaftin Gosling, sojan Ingila da ya bi ayarin Boyd Alexander daga kogin Kwara, ta Tafkin Chadi, da nufin kaiwa kogin Nilu. Sun taso a 1904. Gosling bai ga ƙarshen tafiyar ba, zazzaɓi ya kashe shi a Kwango a 1906, a shekarar ne kuma abokin tafiyarsa ya raɗa wa tsuntsun sunansa. An daɗe ana lissafa shi ɗaya da wani ɗan'uwansa na gabashi da kudancin Afirka mai baƙin maƙogwaro, kafin a gane kowa da zuriyarsa. Namu ya bazu daga Senegal har Sudan, duk inda dutse ya fito fili.

Duwatsunmu ba su kai na Filato ko na Mandara tsayi ba, shi kuma ba tsayi yake nema ba. Fako yake so, da tsakuwa, da ciyawa jefi-jefi, da 'yar geza ko hano a tsagin dutse. Shi ya sa daga Kazaure zuwa Roni da tuddan Gwiwa ba ya wuyar gani, amma a Babura, inda rairayi ya shimfiɗu har iyakar Nijar, sai ka nemi kwazazzabo ko tsohon ramin marmara.

Abincinsa ƙwayar ciyawa ce, irin su harƙiya da burburwa, waɗanda iska ke kakkaɓewa ta tara a tsakanin duwatsu. A ƙasa yake kiwo, yana 'yan tsalle-tsalle, cikinsa kusan na shafar tsakuwa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to wannan a kan dutsen yake kalaci kullum. Sai dai busasshiyar ƙwaya tana sa ƙishi, don haka ba ya nisa da ruwa. Duk wanda ya zauna shiru kusa da kwarmin dutsen da ya riƙe ruwan damina zai ga suna saukowa bibbiyu, su kurɓa, su ɗaga kai, su ɓace. In rani ya tsananta kwarmin ya ƙafe, da yawansu sukan gusa kudu, su dawo da ruwan sama.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Nasa gajere ne, mai ɗan kaushi, kamar ana goga tsakuwa da tsakuwa. Namijin kan hau kan dutse ya maimaita shi ba gajiya, har da tsakar rana, lokacin da sauran tsuntsaye suka lafe a inuwa.

Sheƙar ce ta fi kama mini zuciya. Daga ƙarshen damina zuwa kaka macen ke gina ta a ƙasa, a jikin dutse ko a gindin tushen ciyawa: ɗan ƙoƙo na busasshiyar ciyawa da siraran saiwoyi, bai fi tafin hannun yaro ba. Ƙwai biyu zuwa huɗu take yi, masu ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Kwanci kusan mako biyu, renon 'ya'ya ma kusan haka, ana haɗa musu da ƙananan ƙwari. Tsuntsuwar nan baiwar Allah ta zaɓi rufin ɗakin mutane ta sami kariya. Namu kuwa ba shi da ƙaya, ba shi da rami, ba shi da reshe mai nisa. Maciji na bi, tsari na bi, shaho na shawagi, abin da ya rage masa kawai shi ne kada a gan shi. Sheƙar da na taɓa samu, saura taki ɗaya in taka ta. Uwar ba ta motsa ba sai da inuwata ta rufe ta.

Masu fasa dutse ba su ne babbar barazanarsa ba, don yakan koma tsohon ramin da aka bari. Abin da ke damuna shi ne wutar da ake cinna wa tudu da zarar ciyawa ta bushe, don farautar gafiya ko don kawai an saba. A daidai lokacin ne 'ya'yan ke kwance ba gashi. Iyaye su tashi, sheƙa ba ta tashi. Garken awaki ma kan tattake wasu, amma akuya ba da niyya take yi ba.

Bayan kwana goma na koma wajen waccan sheƙar, na tsaya daga nesa. Bakuna uku a buɗe, uban na kan dutse da ɗan fara a bakinsa, yana jira in kau da kai.