Hotunan iyali a wayar salula: yadda ake ɗaukarsu su yi kyau, da yadda ake hana su ɓacewa

Shekarun baya, mai son hoto sai ya yi wanka ya sa manyan kaya ya nufi shagon mai hoto, bayan kwana biyu ya koma ya karɓi takarda ya kai gida a adana. Yau a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya a yi suna, ko ɗaurin aure, ko saukar karatu ba a ga wayoyi sun tashi sama ba. Hotuna sun yi yawa, amma ɓacewarsu ma ta yi sauƙi. Waya ɗaya in ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya zare ta a kasuwa, sai ta tafi da hoton jariri ranar sunansa da hoton ƙarshe na dattijon da ya riga mu gidan gaskiya. Dabarun da ke hana wannan asara ba su da tsada, yawancinsu ma ko dala ba sa ci.

Haske kafin komai

Abin da ke raba hoto mai kyau da maras kyau shi ne haske, ya fi tsadar waya tasiri. Idon kamarar waya ƙarami ne ƙwarai, hasken da ke shiga cikinsa kaɗan ne. Shi ya sa hoton ɗaki da dare yake fitowa dishi-dishi, ko da masu talla sun rubuta megafiksel 50 a jikin kwali. Yawancin irin waɗannan wayoyi ma suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, hoton ya fito da megafiksel 12 da ɗoriya. Wannan kuwa ya isa, tunda takardar hoto ta santimita 10 a kan 15 megafiksel 2 kawai take buƙata ta fito tas.

Ranar tsaka ba ta yi wa fuska adalci. Tana saukowa daga sama, ta zuba inuwa cikin ramin ido da ƙarƙashin hula, mutum kuma ya yi ta kanne ido. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. In dole sai da tsakar rana, a shiga ƙarƙashin rumfa ko bakin zaure, a sa mutum ya fuskanci wajen da hasken yake shigowa, mai ɗauka kuma ya ba hasken baya. Inuwar dogon yaro tana da daɗin zama, amma hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare, don haka gara inuwar bango.

Akwai matsalar da duk mai ɗaukar hoton Sallah ya sani: farar shadda da baƙar fata. Kamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya. In ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, rigar ta fito da kyau, fuskar ta nutse cikin duhu. Maganinsa a taɓa fuskar mutumin a jikin gilashin waya kafin a ɗauka. Alamar rana za ta bayyana a gefe, sai a ja ta har fuskar ta fito sosai ba tare da zubin rigar ya wanke ba. In wayar tana da HDR a kunna shi, domin yana ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido ya haɗa su, fari da duhu kowa ya samu rabonsa. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya yi suna a kasuwannin Afirka da daidaita kamarorinsa da baƙar fata, amma ko a wayoyinsa taɓa fuskar yana ƙara wa hoto kyau. Wata dabarar ita ce a sa yaro ya riƙe farin mayafi ko babban faranti a gefen da inuwa take, hasken ya dawo kan fuskar.

In an ɗauke wuta da dare, filashin waya ba ya wuce taku biyu ko uku, kuma yana sa goshi ƙyalli. Ya fi kyau a haska fitilar caji a jikin farin bango ko rufin ɗaki, hasken ya bazu ya dawo da laushi. Sannan a jingina wayar a kan tebur ko taga, a sa ma'aunin daƙiƙa uku, wanda wayoyin da ke kan Faransanci suke kira Minuteur, domin a cikin duhu motsin hannu kaɗan ya isa ya ɓata hoto.

Tsayuwa da riƙon waya

Jawo hoto da yatsu biyu yana rage masa kyau. A yawancin wayoyi ƙanana abin da yake yi shi ne yanke tsakiyar hoton ya buɗa shi, sai ya fashe. Wanda zai iya matsawa kusa ya matsa da ƙafarsa. Amma kada a kai wayar dab da fuska, domin idon kamarar mai faɗi ne, yana kumbura hanci. Haka kuma yana miƙe waɗanda suke can gefe a hoton taro, saboda haka a ja baya kaɗan a bar fili dama da hagu.

Yaro a durƙusa a ɗauke shi daidai tsayin idonsa. Dattijon da ke zaune a tabarma shi ma a rusuna, hoton ya fi kyau, ladabin ma ya fi. Kafin a danna a dubi bayan mutum, kada bokiti ko igiyar shanya ko turken akuya su shigo. A wurin motsi kuwa, kamar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ko filin kokowar gargajiya, wayoyi da yawa suna ɗaukar hotuna a jere in an danne maɓallin ba a saki ba. Daga baya a zaɓi ɗaya ko biyu, a goge sauran.

Ƙura da zafi

Sau da yawa hoton da ake cewa kamara ce ta lalace, maiƙon yatsa ne kawai a kan gilashinta. A goge shi kafin kowace ɗauka. Sai dai a lokacin hunturu a fara hure ƙurar tukuna, domin yashi ya fi gilashi tauri, in aka murza shi da gefen riga sai ya bar zane da ba ya fita. Ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau shi ya fi. Ƙurar da ta cika ramin caji a fitar da ita da tsinken itace a hankali bayan an kashe wayar, kada a sa allura.

Zafi kuma batir yake ci. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin garuruwan kudancin Nijar yana haura 40. Ɗaukar dogon bidiyo cikin rana, ko ɗauka ana caji, ko barin waya a gaban mota, duk suna tsufar da batir da wuri. In waya ta yi zafi a cire mata riga a ajiye ta a inuwa. Kada a sa ta cikin firji, domin raɓa za ta taru a cikinta. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi haɗari ne, a daina cajinsa a kai wa mai gyara. Mai kwamfuta kuma ya zare ta daga bango in an ɗauke wuta, sai wutar ta dawo ta zauna sannan ya mayar.

Abin da WhatsApp ke yi wa hoto

Mutane da yawa sun ɗauka duk hoton da suka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp ya tsira. Abin da ya isa can ƙaramin kwafi ne. Hoton da ke da nauyin mega 3 ko 4 a waya, manhajar tana matse shi ya koma ƙasa da rabin mega don kada ya cinye forfe. A gilashin waya ba a ganin bambanci, sai ranar da aka kai shi wanki a babbar takarda. Tun 2023 akwai maɓallin HD da ke rage matsewar. Wanda yake son hoton ya isa yadda yake, ya tura shi ta hanyar Document. Amma a sani, hoton da aka tura haka yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi in kamarar tana rubuta wuri, don haka ga baƙo a tura ta hanyar da aka saba.

Katin memori na jabu

Araha ba ta ado. Ana samun katin memori da aka rubuta wa jiga 64 ko 128 a farashin da bai kai rabin na gaskiya ba. Cikinsa ƙila jiga 8 ne, an dai sauya ɗan bayanin da yake gaya wa waya girmansa. Da farko yana aiki lafiya lau. Ranar da ainihin cikinsa ya cika, sai sababbin hotuna su riƙa hawa kan tsofaffi ko su tafi a banza, sunayensu na nan amma ba sa buɗuwa. Ana gwada kati tun yana sabo: a cika shi da bidiyo har ya ƙoshi, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Mai kwamfuta yana iya amfani da manhajar kyauta mai suna H2testw, wadda take cika katin ta karanta shi ta faɗi girmansa na gaskiya.

In an goge hoto bisa kuskure, a fara duba kwandon shara, wato Corbeille, domin wayoyi da yawa suna riƙe abin da aka goge har kwana 30. In a kan kati yake kuma ba ya cikin kwandon, a zare katin nan take, kada a ƙara ɗaukar komai a kansa. Hoton yana nan kwance har sai wani ya hau wurinsa, kuma manhaja irin PhotoRec tana iya tono shi a kwamfuta. Abin da aka goge daga cikin ƙwaƙwalwar wayar kanta kuwa da wuya ya dawo.

Wuri biyu, ko uku

Ƙa'idar ita ce duk hoton da yake wuri ɗaya tak yana bakin ɓacewa. A samu kwafi a kwamfuta ko a ƴar ma'ajiyar USB da ake kira kile, wani kwafin kuma a intanet ko a gidan wani ɗan'uwa. Ambaliyar daminar 2024, wadda ta rusa gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram, ta nuna cewa waya da kile da takardun da ke ɗaki ɗaya tare suke tafiya.

Duk mai asusun Google yana da jiga 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Google Photos suke rabawa. In hoto ɗaya mega 4 ne, wurin zai ɗauki hotuna sama da 3,000. Bidiyo ne ke cinye shi, domin minti ɗaya yana iya kai mega 100. Tun ranar 1 ga Yunin 2021 Google ya daina ba da wurin hotuna marar iyaka, kuma daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma cikin jiga 15 ɗin take shiga. Saboda haka a hana WhatsApp sauke duk abin da aka watso a zaurukan hira, a kuma saita ajiyar hotuna ta riƙa tafiya sai an samu wifi, don kada kuɗin forfe su ƙare a dare ɗaya.

Babban ramin da mutane ke faɗawa shi ne lambar sirri. Da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka saya, ba su san adireshin ba balle lambar. In wayar ta ɓata, hotunan suna can amma ba mabuɗi. A sauya lambar sirrin, a rubuta ta da adireshin a takarda, a ajiye tare da takardun haihuwa. A tabbatar lambar wayar da ke jikin asusun ta mai shi ce, kuma pus ɗin yana aiki, ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba ana iya rufe shi. Google ma yana da ikon goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Tsofaffin hotuna da mutuncin jama'a

Hotunan takarda na kakanni gara da danshi suna cinsu a hankali. A fitar da su daga gilashi, a shimfiɗa a inuwa mai haske, a kashe filashi, a riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Manhajar PhotoScan ta Google tana ɗaukar hoto ta kusurwa huɗu ta cire ƙyalli. Sannan a zauna da tsofaffin gida tun suna raye su faɗi sunan kowa da garin da shekarar, a rubuta.

Wanda zai kai waya gyara ya zare katin memori da pus, ya kwashe hotunan iyalinsa tukuna. A wurin biki kuma, musamman cikin gida wajen mata, a nemi izini kafin a ɗauka, a sake nema kafin a sa a Facebook ko TikTok. Hoton da ya fita ba ya dawowa, kuma tun 2019 Nijar tana da dokar da ke hukunta laifukan intanet, ciki har da ɓata sunan mutum.

Daga ƙarshe, sau ɗaya a shekara, misali bayan babbar Sallah, a zaɓi hotuna goma ko ashirin da suka fi daraja a kai wa mai hoto ya wanke su a takarda. A rubuta sunaye da kwanan wata a bayansu da fensir, a sa cikin leda, a ɗora a wuri mai tsayi inda ruwa da gara ba sa kaiwa.